Watandar Silikon: Yadda Ɗalibin Jami'a Ke Samun Rabo a Masana'antar Dala Biliyan 20

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ya ga abin da za mu tattauna, ko da bai kula ba. Mai gyara zai kwance wayar, ya leƙa ta madubi, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ayisin caji ne ya tafi." Sai ya jawo na'urarsa mai hura iska mai zafi, ya jira dalma ta narke, ya sa hantsaki ya ɗauke wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba, wato ayisin, ɗan guntun silikon da aka dunƙule da'irar lantarki a cikinsa, ya ɗora sabo. Ba ya buɗe cikinsa, don ba ya buɗuwa. Ƙwarewarsa, duk da yawanta, a bakin wannan ɗan baƙin abu ta tsaya. To a ina ake koyon abin da ke cikinsa?

Da sauri mutum zai ce a jami'a. Haka ne, amma akwai sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar ta kuɗi ce.

Silikon, wanda daga farin dutse da yashi ake tace shi, ba ya barin lantarki ya wuce kamar tagulla, ba ya kuma tare shi kamar roba. Yana tsaka-tsaki, shi ya sa ake ce masa semikondakta. In aka cusa masa ɗan ɗigon sinadarin boron ko fosfaras, sai a iya juya halinsa yadda ake so: yanzu ya buɗe hanya, yanzu ya rufe. Wannan shi ne taransista, makunnin da lantarki ke kunnawa ba yatsa ba. Ƙwaƙwalwar waya mai tsada a yau tana ɗauke da irinsa sama da biliyan 10. Yadda ake jera su ya yi kama da aikin marina a Ƙofar Mata: a ɗaure inda ba a so baba ya kama, a tsoma, a kwance, zane ya fito. A nan ana shafa wa faifan silikon wani sinadari mai jin haske, a haska shi ta cikin gilashi mai ɗauke da zane, a wanke, a zaizaye inda ya buɗe, a shimfiɗa wani sabon hawa, a sake. Matakai ɗaruruwa ne, wani lokaci su haura 1,000, faifai ɗaya ya kwashe kusan wata 3 kafin ya fito.

Injin da ke buga zane mafi ƙanƙanta kamfani ɗaya ne tak ke ƙera shi a duniya, ASML na ƙasar Holan. Haskensa ba daga ƙwan fitila yake fitowa ba. Ana harbin ɗigon narkakken kuza da leza sau 50,000 a daƙiƙa guda, daga tartsatsin a samu hasken. Guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa kuwa ya doshi miliyan 380. Masana'antar zamani cikakkiya tana cin dala biliyan 20 ko fiye, kuma cikin 'yan shekaru sai ta zama tsohuwar yayi. Babu jami'ar da za ta iya wannan, ko da Harvard ce. Ɗalibin likita yana da asibitin koyarwa, ɗalibin noma yana da gonar gwaji, shi kuwa ɗalibin wannan fanni an bar shi da allo da alli.

Manyan jami'o'i suna da ɗakunan tsafta nasu, ba a ce babu ba. Ɗalibi zai sa riga ruf daga kai har ƙafa, da safar hannu da takunkumi, idanu kawai a waje, ya shiga ɗakin da hasken fitilunsa rawaya ne, saboda farin haske yana lalata sinadarin da ke kan faifai. Ba a shiga da fensir ko takarda ta yau da kullum, ba a shiga da kwalliya, don ƙura ɗaya ta isa ta kashe aikin mako guda. Injinan galibi tsofaffi ne, wasu kyauta ce daga kamfanonin da suka gama cin moriyarsu. A nan ɗalibi ke koyon haƙuri da kiyaye ƙa'ida, ya yi taransistansa na farko da hannunsa, ya auna ya ga ya yi aiki ko bai yi ba. Ilimi ne na gaske, don dokokin kimiyyar ɗaya ne ko zane babba ne ko ƙarami. Amma ba a wannan ɗaki za a ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ba.

Da farko tazarar ba ta kai haka ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tawagar Karl Lark-Horovitz a Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi zurfi a binciken jamaniyam, wani semikondakta ɗan'uwan silikon, don aikin rada, kuma da jamaniyam aka yi taransista na farko a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Disambar 1947. Irin taransistan da ya mamaye duniya a yau ma, a can Bell aka ƙirƙiro shi a 1959, hannun Mohamed Atalla, ɗan Port Said da ya yi karatu a Jami'ar Alƙahira sannan ya yi digirin digirgir a Purdue, tare da abokin aikinsa ɗan Koriya, Dawon Kahng. Amma kafin shekarun 1970 su yi nisa, sana'ar ta shige cikin katangar kamfanoni. Kowane kamfani yana da littafin ƙa'idojinsa na zane, mai kauri, na sirri, wanda ya dace da injinansa kaɗai. In kana son ka iya zana ayisi, sai ka shiga kamfani ka yi shekaru a gindin wanda ya iya, kamar yaron maƙera.

Mutum biyu ne suka fasa wannan katanga: Carver Mead, farfesa a jami'ar Caltech ta Amurka, da Lynn Conway ta cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto. Abu biyu suka yi, kuma a ganina na biyun ya fi na farkon nauyi, ko da yake na farkon aka fi yabawa.

Na farko, sun dunƙule ƙa'idojin nan masu kauri suka zama 'yan kaɗan, duka a kan ma'auni ɗaya da suka kira lamda. Maimakon a ce faɗin wannan layi maikiron kaza ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai a ce lamda 2 ne, tazararsa da wancan lamda 3. Kowace masana'anta ta fassara lamda gwargwadon ƙarfin injinta, zanen bai canza ba. Ƙwararrun kamfanoni sun raina abin, suka ce ɓarnar fili ce, kuma ba su yi ƙarya ba, don zanen lamda bai kai nasu matsewa ba. Sai dai ɗalibi yana iya koyonsa cikin makonni.

Na biyu shi ne abin da Bahaushe zai gane nan take, don watanda ce. Mutum ɗaya ba zai iya sayen bijimi ba, amma in mutum 20 suka haɗa kuɗi, aka yanka aka kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Abin da ya fi tsada a gwajin ayisi shi ne gilasan zanen da kuma zagayen faifai a cikin injina. To me zai hana a jera zanen mutane da yawa a kan gilashi ɗaya, a gasa su tare, a yanka, kowa a ba shi nasa? A ƙarshen 1978 Conway ta koyar da wani aji a jami'ar MIT, aka tura zanen ɗalibanta masana'antar Hewlett-Packard, bayan kimanin mako 6 ayisi suka dawo hannun masu su. Shekarar da ta biyo ta faɗaɗa abin: jami'o'i 12, zane 82, aka aiko su ta ARPANET, kakar intanet, a farkon Disambar 1979, aka raba wa masu su a farkon Janairun 1980. A 1981 ma'aikatar tsaron Amurka, ta hannun hukumarta DARPA, ta mayar da wannan watanda aiki na dindindin mai suna MOSIS, a ƙarƙashin Jami'ar Kudancin Kalifoniya.

Ka duba waɗanda suka ɗauki kashi. Jim Clark na Jami'ar Stanford yana cikin zagayen 1979, kuma daga zanensa kamfanin Silicon Graphics ya tsiro. Tawagar David Patterson a jami'ar Berkeley da ta John Hennessy a Stanford da irin wannan hanya suka gwada sabon salon ƙwaƙwalwar kwamfuta mai taƙaitaccen umarni, salon da zuriyarsa ke cikin kusan kowace waya a yau. Babu ɗayansu da ya mallaki masana'anta. Abin da suka samu shi ne damar su yi kuskure, su riƙe kuskuren a tafin hannu, su gyara. Zane a kan kwamfuta yana yi wa mai shi ladabi, duk abin da ka ce masa zai amsa. Silikon ba ya jin kunyar kowa.

Daga nan sai wata tambaya ta taso da kanta. In zane zai iya rabuwa da ƙira, ashe za a iya samun masana'antar da ba ta zana komai, aikinta kawai ta ƙera wa wasu. Wannan ya kai mu Taiwan.

Ana yawan ba da labarin Taiwan kamar labarin mutum ɗaya, Morris Chang, wanda ya kafa irin wannan masana'anta mai suna TSMC. Ba a raina shi ba, amma ya iso ne ya tarar an yi sharar gona an yi huɗa. Tun 1958 aka buɗe cibiyar nazarin lantarki ta Jami'ar Chiao Tung a garin Hsinchu, a 1964 ta kafa ɗakin binciken semikondakta, lokacin da ƙasar ta fi shahara da sukari da ayaba da ɗinkin tufafi. Shekaru aka yi ana yaye injiniyoyin da babu masana'antar da za ta ɗauke su a gida, da yawa suka tafi Amurka, mutane suka riƙa cewa asara ce. A 1973 gwamnati ta kafa ITRI, cibiyar bincike wadda ba jami'a ba ce, ba kuma kamfani ba. A Fabrairun 1974, a wani shagon karin kumallo a Taipei, ministan tattalin arziki Sun Yun-suan da wasu jami'ai suka zauna da Pan Wen-yuan, injiniya a kamfanin RCA na Amurka, aka yanke cewa ƙasar za ta shiga sana'ar ayisi, a kan kasafin kimanin dala miliyan 10.

A 1976 aka ƙulla yarjejeniya da RCA, aka tura rukunin farko na matasan injiniyoyi 19 Amurka. Fasahar da suka sayo ta maikiron 7 ce, wadda ko a lokacin ba ita ce ta gaba ba. Abin lura shi ne ba zane kaɗai aka tura su koyo ba. An rarraba su: wasu zane, wasu sarrafa faifai, wasu gwaji, wasu kula da injina, har lissafin kuɗin masana'anta ya shiga cikin yarjejeniyar. Suka dawo suka kunna masana'antar gwaji a Hsinchu a 1977, suna yin ayisin agogon hannu, cikin watanni yawan lafiyayyun da ke fita daga kowane faifai ya zarce na RCA kanta. Daga wannan masana'anta aka ɓalle kamfanin UMC a 1980, shekarar da aka buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a maƙwabtaka da jami'o'in Chiao Tung da Tsing Hua. Cikin waɗanda suka yi horon RCA akwai Tsai Ming-kai, wanda daga baya ya jagoranci MediaTek. In wayar da ke hannunka Tecno ce ko Infinix, akwai kyakkyawan zaton ƙwaƙwalwarta ta MediaTek ce, wato kana riƙe da jikar waccan tafiya ta 1976.

Shi Chang sai 1985 ya zo shugabantar ITRI, bayan shekara 25 a Texas Instruments. (Wani abin ban sha'awa: sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga digirin digirgir a MIT, abin da ya tura shi neman aiki. Daga baya kamfaninsa ya biya masa ya yi digirin a Stanford.) A 1987 ya kafa TSMC, gwamnati ta sa kusan rabin jarin, Philips ta Holan ta sa sama da kashi ɗaya cikin huɗu, ma'aikatan farko da injinan farko daga ITRI suka fito. Alƙawarinsa ga abokan ciniki ɗaya ne: ba zan zana nawa in yi gogayya da ku ba. Kuma Taiwan ba ta manta da watanda ba. A farkon shekarun 1990 ta kafa tata cibiyar da ke tattara zanen ɗaliban jami'o'i, ta samar musu manhajojin zane masu tsada, ta kai zanen masana'anta. A 2019 aka haɗe ta da ɗakin binciken ƙananan na'urori na ƙasa suka zama cibiya ɗaya. Ɗalibin digiri na biyu a can yana iya gamawa da ayisin da ya zana a aljihunsa, ranar da ya fara aiki ba baƙo ba ne.

Beljiyam ta bi hanya mai kama da wannan. A 1984 gwamnatin yankin Flanders ta kafa cibiyar bincike ta imec a garin Leuven, ƙarƙashin Farfesa Roger Van Overstraeten, don jami'o'in yankin su yi tarayya a ɗakin tsafta ɗaya maimakon kowace ta yi ɗan nata da ba zai kai ko'ina ba. Yau kamfanonin da ba sa ga maciji da juna a kasuwa, Intel da Samsung da TSMC, duk suna biya su yi gwaji a can.

Sai dai kusancin jami'a da masana'anta takobi ne mai kaifi biyu. A 2021 Taiwan ta yi dokar da ta ba wasu jami'o'i damar buɗe kwalejojin semikondakta na musamman, kamfanoni su zuba kuɗi, su kuma samu kujera a teburin gudanarwa. Huɗu ne suka fara: Jami'ar Taiwan ta ƙasa, Tsing Hua, Cheng Kung, da Yang Ming Chiao Tung. Dalilin a fili yake. A farkon shekarun 1980 ana haihuwar sama da yara 400,000 a shekara a tsibirin, a 2023 kimanin 135,000 aka haifa, masana'antu kuwa ƙaruwa suke yi. Kamfani yana son mutumin da zai iya aiki gobe da safe. Ɗalibi mai ƙoƙari yana gama digiri na biyu albashin kamfani ke janye shi, ba ya tsayawa digirin digirgir, kuma wanda bai tsaya ba ba zai zama malamin gobe ba.

Abin da ke damuna a nan shi ne wannan. A ƙarshen shekarun 1990 masana sun hango cewa taransista mai kwance zai daina rufewa da kyau in aka ci gaba da ƙanƙanta shi, lantarki zai riƙa yoyo kamar famfon da ya gaji. Tawagar Chenming Hu a Berkeley, da kuɗin DARPA, ta tayar da shi tsaye kamar ƙayar bayan kifi, aka sa masa suna FinFET. Sai 2011 Intel ta sanar da shigar da irinsa kasuwa. Sama da shekara 10 ke nan tsakanin shuka da girbi. Haka manhajar SPICE da ake gwada da'irar lantarki da ita kafin a ƙera, aikin ɗalibi ce, Laurence Nagel, a Berkeley a 1973, kuma malaminsa Donald Pederson ya dage a bar ta kyauta ga kowa. Wane manajan kamfani ne zai sa hannu a kan aikin da ribarsa sai bayan ya yi ritaya, ko wanda abokin hamayyarsa zai ɗauka a banza? In aka mayar da jami'a makarantar horar da ma'aikatan injin yau, an ci iri ke nan.

Amurka ita ma tana koyon nata darasin ta ɗaya gefen. Kasonta na ƙera ayisi a duniya ya sauko daga kashi 37 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 12 a 2020. A Agustan 2022 ta yi dokar da ta ware dala biliyan 52.7, biliyan 39 daga ciki don jawo masana'antu. Gini ya tashi, amma a Yulin 2023 TSMC ta ɗage fara aiki a masana'antarta ta Arizona, ta ce babu isassun ƙwararrun da za su girka injinan, maganar da ƙungiyoyin ƙwadagon jihar suka musanta da zafi. A shekarar ne ƙungiyar masana'antun semikondakta ta ƙasar ta ƙiyasta cewa guraben aiki 67,000 na iya rasa masu cike su nan da 2030. Kaso mafi girma na giɓin ba na masu digirin digirgir ba ne, na masu aikin hannu ne da takardar shekara biyu ko ƙasa da haka, mutanen da ke gane injin ya fara ciwo daga sautinsa. Shi ya sa kwalejojin gundumar Maricopa suka buɗe horon kwana 10 na share fage, yayin da Purdue ta buɗe cikakkun digirorin semikondakta a 2022. Mu da muka daɗe muna kallon mai takardar kwalejin fasaha a matsayin ƙanin mai digiri, ya kamata mu ɗan yi shiru a nan.

Watanda kuwa ba ta mutu ba, ta ma sauko ƙasa-ƙasa. Shekara da shekaru, ko don ka ga ƙa'idojin zane na wata masana'anta sai ka sa hannu a takardar rufe baki, manhajojin kuma kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin yawancin jami'o'in duniya. A 2020 Google da masana'antar SkyWater ta jihar Minnesota suka saki ƙa'idojin fasahar nanomita 130 (nanomita 1,000 ne maikiron ɗaya) a fili, kowa ya sauke. Fasahar farkon shekarun 2000 ce, tsohuwa in aka kwatanta da ta wayar zamani, amma ta isa a yi ayisin mita, na famfon sola, na firikwensin zafi. A 2022 Matt Venn ya fara shirin Tiny Tapeout, wanda ya yanka kashin watandar ya ƙara yankawa, har ɗaruruwan zane suka shiga ayisi ɗaya, kowane a kan 'yan ɗaruruwan daloli ko ƙasa da haka. Ma'ana, malamin sashen lantarki a Zariya ko Kano ko Yamai, da kwamfutar cinya da intanet mai ɗan dama, yana iya kai ajinsa inda Conway ta kai nata a 1978, ba tare da ya jira an gina ɗakin tsafta ba.

Amma watanda sai da wanda zai tsaya ya tara kuɗi, ya nemo bijimi, ya yi kaso. A wancan zamani DARPA ce ta tsaya, a Taiwan gwamnati ce, a Turai akwai shirin Europractice tun 1995. Wannan sabuwar ta buɗaɗɗiyar fasaha kuwa kamfani ne mai zaman kansa, Efabless, ya riƙa tattara zanen yana kai wa SkyWater. A farkon 2025 ya kasa samun sabon jari, ya rufe ƙofa, da zanen ɗalibai da yawa a kan layi. Masu Tiny Tapeout suka karkata zuwa IHP, cibiyar bincike a garin Frankfurt na bakin kogin Oder a Jamus, wadda ita ma ta saki ƙa'idojinta na nanomita 130, kuma da kuɗin gwamnati take tafiya.